Bayan an watse daga suna: tambayoyi da amsoshi kan zaman shawara ga mai jego da angon ƙarni a Kaduna

Waɗannan su ne tambayoyin da sababbin iyaye suka fi yi, wasu a fili wasu cikin raɗa, idan suka ji cewa akwai ƙwararrun da aikinsu shi ne zama da ma'aurata bayan haihuwa. Amsoshin ba za su tsaya a madadin ganin likita ba, amma za su nuna ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Haihuwa abin murna ce. Me zai kai mai jego da mijinta gaban mai ba da shawara?

Murna ba ta hana wahala. Alƙur'ani a Suratu Luƙman ya ce uwa ta ɗauki ɗanta cikin rauni a kan rauni, kuma a Suratu Maryam an faɗi yadda naƙuda ta kai Nana Maryam ga fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. To ina ga 'yar shekara ashirin da ta yi haihuwar fari a ɗakin haya a Rigasa?

Al'adarmu ta yi wa jikin mai jego tanadi mai yawa: wanka, kunu, gasasshen nama, tsohuwar da za ta zo zaman jego. Satin farko gida cike yake da 'yan barka. Matsalar tana daga baya. A yi suna a watse, a yi arba'in tsohuwa ta ɗaure kayanta ta koma Zariya ko Katsina ko Kafanchan, sai a bar mutum biyu da jaririn da ke neman nono sau takwas zuwa goma sha biyu a kowane yini da dare. Kaduna kuwa gari ne na ma'aikata da 'yan kasuwa da suka baro danginsu. Da yawa suna zaune a gidajen da kowa ke rufe get ɗinsa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce "kawo shi ki ɗan runtsa."

A nan ne ƙananan abubuwa suke girma. John Gottman, masanin zamantakewar aure a Amurka, ya gano cewa kusan biyu cikin uku na ma'auratan da ya bibiya jin daɗin aurensu ya ragu a shekaru ukun farko bayan haihuwa. Can ne aka yi binciken, amma duk wanda ya taɓa jin "ai tunda ta haihu ta canza" ko "ai shi kwana yake yana minshari" ya san zancen bai tsaya a Amurka ba.

Me ake yi a zaman? Wa'azi ne ko nasiha?

Ko ɗaya. Mai ba da shawara yawanci masanin halayyar ɗan'adam ne, ko nas ko jami'in walwala da aka horar, kuma ya fi sauraro a kan magana. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, sau ɗaya a mako ko a mako biyu, kuma da yawa suna ganin canji cikin zama shida zuwa goma sha biyu.

A zaman farko tambayoyi ne: yaya haihuwar ta kasance, da kanki kika haihu ko aiki aka yi miki, awa nawa kike barci, wa ke taya ki, yaya cefane, kin taɓa shiga irin wannan hali a baya. Sau da yawa ana amfani da wani ma'auni mai tambayoyi goma da aka fitar a Edinbara da ke Birtaniya a 1987, wanda ke tambayar yadda kika ji a kwana bakwai da suka wuce. Ba jarrabawa ba ce, alama kawai yake bayarwa ko akwai buƙatar a ƙara dubawa.

Daga nan sai aikin. A ce mai jego ta ce: "Yaron nan ba ya yin shiru a hannuna, sai a hannun Hajiya. Ni ban iya uwa ba." Ba za a ce mata "haba, daina faɗin haka" ba. Za a tambaye ta: jiya sau nawa ya yi kuka? A ciki sau nawa ya yi shiru da kika ba shi nono? Sai ta lissafa da kanta, ta ga sau ɗaya ne Hajiya ta karɓe shi, kuma lokacin ya riga ya ƙoshi. Haka ake bin tunanin da ke danne mutum ɗaya bayan ɗaya ana auna shi da abin da ya faru a zahiri, sannan a ba ta ɗan aikin da za ta yi kafin zama na gaba, kamar fitowa tsakar gida ta sha hantsi, ko kiran yayarta sau biyu a mako. Wannan hanya an gwada ta a ƙauyukan Rawalpindi da ke Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa bi gida gida, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da ita littafin horarwa a 2015. Wato ba sai mai babban digiri ba, kuma an gwada ta a kan matan karkara Musulmi masu zama da surukai irin namu.

Idan miji da mata ne tare, akan ba kowa lokacinsa ya yi magana ba a katse shi ba, sannan a ce ɗayan ya maimaita abin da ya ji. Abin kamar wasa, amma a nan maigida kan gane cewa da ta ce "na gaji", shi abin da ya shiga kunnensa shi ne "ka gaza", alhali ita barci kawai take nufi.

Tun kwana uku da haihuwa nake kuka ba dalili. Wani abu ne ya same ni?

Idan a makon farko ne, da wuya. Bayan fitar mabiyiya sinadaran da suka riƙe cikin suna sauka da sauri, ga rashin barci, ga ciwon ɗinki, ga nono ya cika. Fiye da rabin masu jego suna samun wannan saurin kuka da saurin fushi daga wajen kwana na uku, kuma yana wucewa da kansa kafin mako biyu. Barci da abinci da lallashi sun ishe shi.

Wanda ake tsoro shi ne wanda ya wuce mako biyu bai tafi ba, ko ya zo daga baya, ko da bayan wata huɗu ko shida. Alamominsa: baƙin ciki kusan kullum, abin da kike so a da ya fita ranki, jariri ya yi barci ke ki kasa, abinci ya ƙi shiga, ki riƙa ganin laifin kanki a komai, ko ki dubi yaron ki ji kamar ɗan wata ne aka ba ki riƙo. Wasu fargaba ce ke cin su: tashi sau goma a duba ko yana numfashi, faɗuwar gaba, munanan tunani da ke faɗo musu a rai su tsorata su. Wannan shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwon, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya kusa kashi 20. Ki duba layin rigakafi a asibitin unguwarku ki lissafa.

Ya fi kama wadda ta taɓa yin sa, wadda ta sha wuyar haihuwa ko ta haifi bakwaini, wadda ta taɓa ɓari ko rasa jariri, da wadda gidanta ba kwanciyar hankali. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo su ma suna kawo kasala mai kama da shi, shi ya sa likita zai iya cewa a auna jini tukuna.

Mai jego ta fara surutai, ba ta barci, tana cewa za a sace mata yaro. Mutanen gida sun ce iska ce.

Wannan ba na jiran zaman shawara ba ne. A kai ta asibiti yau. Akwai ruɗewar hankali da ke samun mace ɗaya zuwa biyu a cikin haihuwa dubu, yawanci a mako biyun farko, kuma yana zuwa farat ɗaya: kwana biyu ba barci kuma ba gajiya, jin muryoyi, zargin mutane, rashin gane na kusa. Yana warkewa da magani, amma kafin nan rayuwarta da ta jaririn suna cikin haɗari. Kada a bar ta ita kaɗai, kada a bar ta da yaron ba babba a kusa.

Ba wanda ya hana addu'a. Malam ko fasto zai iya bin ku har gadon asibiti. Abin da ke jawo asara shi ne a rufe ta a ɗaki mako biyu ana hayaƙi, wani lokaci har da ɗauri da duka, sai abu ya ɓaci a nemi mota. Haka kuma duk mai jegon da ta furta cewa gara ta mutu, ko yaran za su fi jin daɗi in ba ta, a ɗauki maganar da gaske a ranar. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Tunda ana zancen gaggawa: zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, kumburin ƙafa da haki in ta kwanta, duk na asibiti ne nan take.

Ni ne mijin. Ina fita nema tun safe. Me kuma ake so in yi?

Barcinta. In za ka iya abu ɗaya tak, to ka sama mata awa huɗu a jere. Ga yadda wasu ke yi: bayan isha'i ta ba shi nono ya ƙoshi, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Kai ka ɗauke shi a falo, ka saɓa shi a kafaɗa har ya yi gyatsa, in ya ɓata famfas ka canza. A watan Maris da Afrilu da zafin Kaduna ke tashi, in an ɗauke wuta, ka fito da shi baranda da mafici. Wajen sha biyu ka miƙa mata shi ka kwanta. Ba ka rasa aikin gobe ba, ita kuma ta samu abin da ba kunu ko kaza da za su ba ta.

Akwai masu ganin wannan zubar da girma ne. Nana A'isha da aka tambaye ta me Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. Kunyar ɗan fari kuma a gaban manya ake yin ta, ba ƙarfe biyun dare da ba kowa sai ku uku ba.

Sai baki. "Sannu, Maman Khalifa, na ga daren jiya ba ki runtsa ba" ta fi "ai kowace mace haka take yi" nesa ba kusa ba. Kuma in kuka ya ishe ka har ka ji ranka ya ɓaci, ajiye shi a shimfiɗarsa a rigingine ka fita ka sha iska minti biyar. Kada a taɓa girgiza jariri da ƙarfi, yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa. Kukan jarirai yakan kai ƙololuwa wajen mako shida, sannan ya fara raguwa.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da hutun kwana 14 in matarsa ta haihu, tun da aka amince da shi a 2021. Mata ma'aikatan Jihar Kaduna kuma gwamnatin Nasir El-Rufai ta mayar da hutunsu na haihuwa wata shida. Mai shago a Kasuwar Barci ko direban Keke ba wanda zai ba shi hutu, sai dai ya tsara wa kansa.

Namiji ma yana kamuwa da wannan damuwar?

Yana kamuwa, wajen ɗaya cikin goma, kuma ya fi samun wanda matarsa ke fama. Nasa ba kasafai yake zuwa da kuka ba. Faɗa ne a kan abin da bai kai ya kawo ba, daɗewa a majalisa har dare ya raba, ciwon kai, lissafin ragon suna da kuɗin haya yana hana shi barci. Wasu su fara neman abin da zai ɗauke musu hankali a kemis. In ka ga kanka a nan, kai ma kana da kujera a ɗakin shawara.

Wannan ba tona asirin aure ba ne a gaban bare?

Tambaya ce mai kyau, domin an raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai a duba inda maganar ke zuwa in ba a kai ta can ba. Takan tafi wajen ƙawa, daga nan ta zaga dangi, ko a turo ta shafin Facebook a ɓoye suna, mutum ɗari biyar su yanke hukunci, rabinsu su ce "ki fito kawai." Ƙwararre doka da ƙa'idar aikinsa sun ɗaure shi ya riƙe sirri. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 kuma ta tanadi haƙƙin mai neman magani, har da sirrinsa. Babban dalilin da zai sa a buɗe magana shi ne in rai na cikin haɗari, kuma nagari zai gaya muku haka tun zaman farko.

Shigar na uku tsakanin ma'aurata ba baƙon abu ba ne. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko mai sulhu daga danginsa da danginta. Waliyyai da limamai suna da gurbinsu. Bambancin shi ne kawu yana da ɓangare, kuma bai koyi gane ciwon damuwa ba, zai iya kiran sa raini ko shagwaɓa.

Hajiyar mijina ta ce a ba jariri ruwa da jiƙo, asibiti sun ce nono zalla. Kullum faɗa muke a kan wannan.

A zancen lafiya asibiti ke da gaskiya: nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, kuma ba a ba jariri zuma kafin shekara guda. Amma wanda zai faɗa shi ne abin dubawa. Ƙa'idar da ake ba ma'aurata ita ce kowa ya yi magana da nasa. Suruka ba za ta iya musu da Hajiya ba tare da an ce ba ta da kunya ba. Ɗanta kuwa zai iya durƙusawa ya ce: "Hajiya, likita ya hana, kuma ni na ce a bi. Ki taimake mu da wankan da goyon, nan ne ba mu iya ba." Dabara mafi sauƙi ita ce a tafi da ita ranar rigakafin mako shida, ta ji daga bakin nas.

Wankan jego fa, da tafiya wankan gida?

Ruwan ɗumi yana warware jiki. Wanda ya yi zafin da zai sale fata, musamman ga mai ɗinki, cutarwa ne. Kunun kanwa kuma a yi hattara da shi: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya a masu jego da yawan shan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gado mai wuta. Mai hawan jini ta nisance shi gaba ɗaya.

Tafiya gida ga mai haihuwar fari tana da amfani babba, don tana samun hannaye. Illarta ita ce angon ƙarni yakan zama baƙo, ranar da aka dawo masa da su bai san ko yadda ake ɗaukar yaron ba, ita kuma ta faɗo daga gida mai mutum goma zuwa ɗaki shiru. Ya riƙa zuwa, ya riƙa ɗauka, kuma a shirya makon dawowa kamar yadda aka shirya suna.

Har yanzu ba na sha'awar shimfiɗa, shi kuma ya fara fushi.

Likitoci kan ce a jira jini ya ɗauke, ɗinki ya warke, wanda yakan kai wajen mako shida. A fiƙihu ma jiran ɗaukewar jinin biƙi ake, kuma a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60. Sai dai warkewar jiki daban, dawowar sha'awa daban. Shayarwa tana rage ta, tana kawo bushewa, ga gajiya, ga tsoron kwanika. Shi kuma yana fassara shirun da cewa an daina yayinsa. Yawancin maganin a faɗa ne da baki, da rana, ba a kan gado ba. In akwai zafi a gaya wa ungozoma, akwai abin da za a yi.

Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in sharuɗɗa uku sun cika tare: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da ke Suratul Baƙara. Sashen tazarar haihuwa yana nan a asibitocin gwamnati, a je tare.

Ina da abokiyar zama. Zaman zai yi mini amfani?

Zai yi. Mai jego ta fita girki, maigida ya tare ɗakin ɗaya, sai ta ji an manta da ita daidai lokacin da ta fi buƙata. Fita girki bai sauke masa leƙowa da hira da ɗaukar yaro ba. Wanda kuma ke shirin ƙaro aure yana iya sa ranar da ya ga dama, amma sa ta cikin jego rashin tausayi ne.

In aka rubuta mini magani, zan daina shayarwa? Kuma ba zan saba da shi ba?

Ba kowa ake ba magani ba. Mai sauƙi da matsakaici sau da yawa zaman shawara ya isa. In ya yi tsanani akan haɗa biyun, kuma akwai magunguna irin su sertraline da likitoci ke ba masu shayarwa domin kaɗan ne ke shiga nono. Ba sa sa maye. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kuma akan ci gaba da sha watanni bayan an warke don kada ya dawo. Kada a saya a kemis da kai, kada a yanke rana ɗaya ba da sanin likita ba.

A ina zan samu a Kaduna, kuma nawa ne?

Fara da inda kika yi awo. Ki gaya wa nas ko ungozoma a ganin bayan haihuwa, ko ranar rigakafi na mako 6, 10 da 14. Kada ki tsaya a "lafiya lau." Ki ce: "Sista, mako uku ke nan ba na barci ko yaro ya yi barci, kuma kullum ina kuka." Daga asibitin unguwa ko manyan asibitoci irin su Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri da na Kawo, za a iya tura ki gaba. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana cikin gari, na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika kusa da Zariya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa shi ne cibiyar wannan fanni a garin. Sunan kaɗai yana tsorata mutane, amma yawancin masu zuwa can katinsu suke yanka, su ga likita, su koma gida a ranar.

Kuɗi ya danganta da wuri, na gwamnati ya fi sauƙi a kan na kuɗi. Wanda ke cikin inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ko ta tarayya, ya tambayi abin da ta ɗauke masa. Akwai masu yin zaman ta waya, wanda ya dace da mai jegon da fita ke yi wa wuya. Sai dai intanet ta cika da masu kiran kansu ƙwararrun gyaran aure. A tambayi mutum me ya karanta, a ina yake aiki. Wanda ya fara da tallar kayan mata ko turare, kasuwarsa yake ci.

Mijina ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ba inda za shi.

Ki je ke kaɗai. Rabin abin da za a koya miki ba ya buƙatar sa hannunsa, kuma maza da yawa sukan biyo baya in an gayyace su a matsayin mai taimaka wa maganin matarsa, ba wanda aka kai ƙara ba. Wani lokaci takardar likita ko kiran waya daga nas ya fi roƙonki tasiri.

In kuwa akwai duka, ko barazana, ko tilastawa a shimfiɗa, to ba a fara da zama tare, domin abin da kika faɗa a gabansa zai iya jawo miki wani dukan a gida. Ki ga ma'aikaciyar lafiya ke kaɗai ki gaya mata. Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafi tun 2018, kuma akwai cibiyoyin Salama da ke karɓar waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata, a asibitin Gwamna Awan da Yusuf Ɗantsoho, da kuma Zariya da Kafanchan.

Na yi wannan ciwon a haihuwar baya, yanzu ina da wani cikin.

Ki faɗa tun awon farko, a rubuta a katinki, domin yana iya dawowa, musamman in ruɗewar hankali ce kika yi. In kina kan magani kada ki daina sai likita ya duba. Kafin watan haihuwa ku zauna da maigida ku tsayar da abu uku: wa zai zo zaman jego kuma har yaushe, wa zai karɓi yaro da daddare, da lambar wa za a kira in aka ga kin kwana biyu ba barci.